Launin Jan Ƙarfe

Ranar da ta fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje, shi ya tare ta a bakin ƙofa da baƙin tabarau.

"Saka wannan tukuna, malama. Jan ƙarfe kamar madubi yake, yakan mayar wa mutum da hasken leza."

Ta saka, tabarau ya zamo har kan hancinta, ya yi dariya. Shi ke nan fa, zuciya ta tafi.

Aikinsu amfani da leza, wato haske mai ƙarfin yanka, wajen tsaga 'yan mitsi-mitsin layuka a kan jan ƙarfe, waɗanda ido ba ya gani, yatsa ba ya ji. Amma da ka karkata ƙarfen, sai launuka su taso. Ya yi mata ɗan ƙarami, ta rataya a wuya. Tun daga nan yake ce mata Bakan Gizo, ita kuma tana ce masa Injiniyana.

Ana maganar kai gaisuwa gidansu, ƙaddara ta faɗa masa. Ya ɗaga tabarau don ya duba wata wayar lantarki, hasken leza ya dawo masa a fuska. Likitoci sun yi iya yinsu, amma dishi-dishi kawai ya rage masa.

Abbanta ya ce, "Ba ƙin sa nake ba, 'yata. Amma wa zai riƙe wani? Ga ɗan ƙanwata nan yana jira."

Shi ma Injiniya ya daina ɗaga wayarta. Ya aiko ƙanwarsa ta ce wai ba ya son auren tausayi. Wayyo, wannan maganar ta fi komai ƙona mata rai.

Ta tura saƙo, ƙanwar ta karanta masa:

"Injiniyana, tausayi ba ya hana barci, ni kuwa ba na barci. Ka bar min launuka ka gudu, wa zan nuna wa?"

Abba ya ga 'yarsa tana ramewa kullum, hannunta na kan abin wuyan nan. Da ƙafarsa ya je ya ce wa Injiniya, "Ka turo manyanka."

Da aka kawo masa amarya, ya laluba wuyanta har ya taɓa ƙarfen.

"Wane launi ne yanzu, Bakan Gizo?"

"Kore, da ɗan shuɗi."

Ya karkata shi. "Yanzu fa?"

Hawaye ya rufe mata ido, ita ma ba ta gani. Ta share da sauri ta ce, "Ja."

"Gobe ma za ki faɗa min?"

"Kullum, in sha Allah."

Allah Ya bar su tare.