Hannun da Ke Cikin Hoton

Ranar da ya fara zuwa shagon tabarau, da lalube ya shigo. Tabaraunsa na hannu, ƙafa ɗaya ta karye an naɗe ta da salatif. Madubin da ke jikin bango ya fara gaisarwa.

"Ina nan ta damanka, Malam," in ji Auta, tana danne dariya.

"Ki yi haƙuri. Da kaina na zauna a kansa, a gaban ɗalibai arba'in. Har yanzu dariya suke."

Ta canza ƙafar, ta goge gilasan ta miƙa masa. Ya saka, ya ɗago kai, sai ya tsaya yana kallonta.

"Bai zauna daidai ba ne?"

"Shi kam ya zauna. Ni ne dai ban zauna daidai ba."

Ta sunkuyar da kai ta rubuta masa lambarta a kati, don ya kira in sabon tabaraun da ya zaɓa ya iso. Yana saka lambar a waya sunanta ya fito, ya zaro ido.

"Ke ce Auta ta Tukunyar Yamma? Mai gasasshen kifin nan da tafarnuwa da lemon tsami? Sau uku ina gwada shi!"

Tukunyar Yamma wani guruf ne da ƙawarta nas ta buɗe a waya. Su goma sha biyu ne, duk ma'aikata. Kullum da yamma kowa ya turo hoton abin da ya dafa, don wanda dabara ta ƙare masa ya kwaikwaya. Shi Malam abokin mijin nas ɗin ne, ta haka ya shiga guruf ɗin, yana zaune shi kaɗai, da kansa yake girki.

A nan ya kamata ta faɗi gaskiya. Sai ta yi murmushi ta ce, "Ni ce."

Gaskiyar kuwa, Auta ko ruwan shayi ta ɗora sai ya ƙone. Yayye mata huɗu ta taso a bayansu, ba wadda ta bari ta taɓa ludayi. Daga nan makarantar kwana, daga can aiki. A gidan yayanta namiji take zaune, matarsa da suke kira Anti ita ke da kicin. Wata rana Auta ta ɗauki hoton farantin da Anti ta zuba mata ta tura guruf, ba ta rubuta komai ba. Yabo ya yi ta shigowa. Ta ce gobe za ta gyara zancen. Goben ta zama wata bakwai.

Sabon tabarau ya iso, amma Malam bai daina zuwa shagon ba. Saƙonni suka fara.

"Hasken idona, dankali da ƙwai kawai suka rage a gidan. Ki ceci malaminki."

Sai ta ruga kicin. "Anti, in mutum dankali da ƙwai kaɗai gare shi fa?"

Anti ta washe baki. "Kai, ƙanwata an fara hankali! Rubuta. A yanka dankalin sirara, a soya da albasa..."

Ta rubuta ta tura, ta ƙara da nata a ƙasa: "Ka ci ka ƙoshi, Malamina. Na san in kana duba takardun jarrabawa mantawa kake da cikinka."

Duk ranar da ya yaba hannunta, sai kunya ta rufe ta. Sau biyu tana rubuta masa gaskiya tana gogewa.

An fara maganar manyansa za su zo wurin yayanta neman aurenta, sai abin ya fashe. A cikin guruf akwai wata da ake kira Mai Kek, 'yar aminiyar Mama, mahaifiyar Malam, wadda Maman ta daɗe tana yi wa ɗanta sha'awarta. Ran nan Auta ta tura hoton kaza da kayan lambu. Tana cikin motar haya saƙon ya shigo.

"Auta, kaza ta yi kyau. Amma hannun wa ke riƙe da tiren? Na ga tsohon tabon ƙuna a wuyan hannun, ke kuwa jiya da muka haɗu hannunki sumul. Ko kuku kika ɗauka ba mu sani ba?"

Mutum goma suka karanta. Auta ta ji kamar duk fasinjojin motar sun leƙo wayarta. Ta kashe ta, ta sauka tun kafin a kai layinsu ta ƙarasa a ƙafa.

Anti na tankaɗe a kicin Auta ta same ta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗi komai, idonta a kan siminti. Anti ta ajiye rariyar a hankali.

"Wata bakwai ina faɗa miki ma'aunin gishiri. Har yayanki na ce wa ya kwantar da hankalinsa, yarinyar nan za ta riƙe gida. Ashe sakatariya na samu."

"Ki yafe min, Anti."

"Ba hotunan ne suka dame ni ba. Murnar da kika bari na yi ta yi ce." Ta daɗe tana kallonta, sannan ta tura mata faranti da ƙafa. "Share hawayen nan. Ga wuƙa, ga albasa, ita za ta ba ki dalilin kuka."

Kwana biyu wayar na kashe. A na uku Malam ya zo shago, ya jira har mai saye ya fita.

"Mama ta ji," ya ce. "Ta ce rashin iya girki ba laifi ba ne, ana koya. Amma wadda ta iya riƙe ƙarya wata bakwai, ba ta san me za ta riƙe a gidan ɗanta ba. Ta ce a dakata da zuwan."

Auta ta kasa ɗago kai.

"Ni kuma ga abin da ke ci na. Duk saƙon da na karanta ina murmushi ni kaɗai kamar taɓaɓɓe, ashe da Anti nake hira?"

"Ma'aunin na Anti ne," ta ce. "Duk abin da ke ƙasan ma'aunin nawa ne. Ban taɓa aron kalma ɗaya ba."

Ya ja numfashi. "Na iya girki, Auta. Ba mai dafa min abinci na zo nema ba. Da kin faɗa min tun a kan teburin nan, dariya kawai zan yi."

"Na sani. Shi ya sa kunyar ta fi yawa."

Yana fita ta kunna wayar ta rubuta wa guruf:

"Salam. Duk hoton da na taɓa turowa girkin matar yayana ne. Ban iya dafa komai ba. Na ji daɗin yabonku na kasa mayar da shi ga mai shi. Ku yafe min. Daga yau abin da hannuna ya yi za ku gani, ko ya ƙone."

Nas ce ta fara amsawa: "Turo ƙonannen, mu ma haka muka fara." Washegari ta turo taliya da ta manne kamar ƙulli. Aka yi dariya, aka kuma ba ta shawara. Can ƙasa saƙon Malam ya shigo mata ita kaɗai: "Ki bari ruwan ya tafasa tukuna, hasken idona."

Bayan sati uku ta ɗauki kula ta nufi gidan Mama ita kaɗai, da hantsi. Ta durƙusa a gefen tabarma ta gaishe ta. Mama ta amsa a taƙaice.

"Na zo ba da haƙuri ne, Mama. Abin da aka faɗa miki duk gaskiya ne. Na kuma kawo wannan."

Mama ta buɗe kular. Shinkafa ce da miyar tumatir. Shinkafar ta caɓe, mai ya taso saman miyar. Ta kai cokali ɗaya baki, ta runtse ido, ta nemi ruwa.

"Wa ya dafa?"

"Ni ce, Mama. Wallahi ni ce."

"Ai ba sai kin rantse ba, 'yar nan."

Dariya ta ƙwace wa Mama har tana tari. Auta ta rufe fuska da mayafi, ita ba kuka ba, ita ba dariya ba.

"Kina da wadda za ta dafa miki mai daɗi ki kawo min, ba kuma zan gane ba," in ji Mama da ta nutsu. "Kika ɗauko wannan kika ratso gari da shi. Tashi daga ƙasa ki zauna kusa da ni. Ki ce wa yayanki ranar Asabar baƙi na tafe."

Wata biyu bayan haka aka ɗaura aure. 'Yan guruf kowa ya zo da tukunyarsa, Anti na tsaye a kansu tana ba da umarni. Mai Kek ba ta zo ba, amma ta aiko da kek hawa uku, Auta kuma ta kira ta ta yi godiya har zuciya.

Da za a tafi da amarya, Mama ta kamo hannunta ta haɗa da na ɗanta.

"Ga ta nan, amana ce. Ke kuma ga shi nan, da ɗan taurin kai amma ba mugu ba ne. Abin da ya gagare ku ku faɗa wa juna tun yana ƙarami. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka."

Ɗakin ya amsa da amin. Malam ya matso ya yi ƙasa da murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Mu je gida, matata."