Safiyar da Dajinmu Ya Yi Fari

"Yaya Khai, ka daina murmushin nan, Baba na kallonka!"

Ina! Ya ƙura wa dutsen bayan gidanmu ido. Raɓa ta daskare a kan itatuwa, kowane reshe ya yi fari fat. Tun daga birnin Hanoi yake hawowa garinmu Sa Pa duk lokacin sanyi da kyamararsa don wannan safiyar, bai taɓa dacewa ba sai yau.

Yau ɗin da ya zo neman aurena.

"Sua, kin ga kyau kuwa?" in ji Khai.

Lenh, maƙwabcinmu da ya daɗe yana nacin sona, ya kwashe da dariya.

"Kawu, ka ji ko? Abin da ya kashe maka ɗan ɓauna bara shi yake kira kyau!"

Baba ya juya ya nufi garke.

"Masoyiyata, rana na ɗagowa za ta narke..." Khai ya faɗa a hankali.

"To je ka," na ce, hawaye na neman zubo mini.

Ya dubi dutsen, ya dube ni, sai ya rataya mini kyamarar a wuya ya bi Baba.

Ɓaunarmu ta noma na ta karkarwa don sanyi. Ɗan birnin nan da ko kaza bai taɓa kamawa ba ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓa mata, ya hura wutar ƙaiƙayi, ya dama dusa da ruwan ɗumi da gishiri. Ta taka masa ƙafa, ya ƙwala ihu, har Inna ta ƙyalƙyale. Lenh kuwa hannayensa na cikin aljihu.

Ni dai sonsa ya ƙara cika mini zuciya.

Da ɓaunar ta soma ci, tuni rana ta fito, dajin na ta ɗiga.

Baba ya yi gyaran murya.

"Hoton naka fa?"

"Wata shekarar, Baba."

"Wata shekarar a gidan nan za ka kwana, ka tashi da wuri. Sua, raka mijin naki, wataƙila akwai saura."

Da gudu muka hau. Reshe ɗaya tak muka tarar da farinsa, a inuwar wani dutse.

Na miƙa masa kyamarar. "Ɗauka mana, Yaya, kafin ya narke!"

"Matso kusa da shi tukuna, amaryata."

A hoton hancina ja wur, ina dariya ina kuka. Shi ne a bangon ɗakinmu har yau.