Awon Gidan Badaru

Ranar da Badaru ya dire ƙwaryar gero a gaban matarsa ya ce ta tashi ta surfa, Safiyatu ko motsi ba ta yi ba. Jaririnta Khalilu na kan cinyarta yana shan nono. Ta dubi geron, ta dubi mijin, ta ce ba za ta dafa ba sai ya gaya mata inda ya fito.

"Daga rumbuna. Ko shi ma sai na kawo miki takardar shaida, Malama?"

"Rumbun da na share da hannuna? Baban Asiya, ko ɓera ya yi ƙaura daga cikinsa."

Ya ce umarni yake ba ta. Ta ce ta ji, kuma ba za ta yi ba.

Wannan ya faru ne a shekarun nan na tsada, a wani ƙauye arewa da Dawakin Tofa, inda gona ke jingine da gona, ba ka samun ko taku ɗaya na saura. Taki ya gagari talaka. Gidajen da a da ake ɗora tukunya safe da yamma suka koma kwaɗon rama da tafasa. Amma yunwar gidan Badaru ba daga sama ta faɗo ba, shi ya kira ta. Dillalin awaki ne, mai son a ce ya isa. Da aka haifi Khalilu a kaka, ya buɗe rumbu ya kwashe hatsin shekara ya kai kasuwa, lokacin da hatsi ba shi da daraja. Ranar suna ya yanka raguna, ya cika maroƙa da kyauta, ya hau sabon babur. Safiyatu, wadda ta gama sakandare kafin aure, ta gaya masa abin da aka sayar da dariya a kaka da hawaye ake sayensa a damina. Ya ce boko ne ke ɗawainiya da ita. Kafin marka ta kankama, babur ya tafi, rumbu ya zama ɗakin gizo-gizo.

To ga shi yau ya zo da gero fari tas, ƙwaya manya-manya, irin wanda babu gonar da ta haifa a wannan shekara.

Uwarsa, Inna Hure, ta fito daga ɗakinta tana salati, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin macen da ake kawo wa abinci tana neman asalinsa ba. Ta kira Barira, matar Sama'ilu ƙanen Badaru, ta ce ta ɗauka. Barira ta surfa, ta wanke, ta zuba wa awaki ƙasarin. Safiyatu na kallo. Akuyar da ko tsumma ba ta bari saboda yunwa ta zo ta shinshina ruwan, ta ja da baya, gashin bayanta a tsaye. Kaji suka kewaye dusar suka wuce, ba wadda ta kai baki. Safiyatu ta nuna wa Barira. Barira ta yi dariya ta ce, "Yaya, yanzu kuma akuya ce malamarki?"

Daga ranar Safiyatu ta raba tukunya.

Abin da ya faru kafin wannan safiya, daga bakin Badaru kansa aka ji shi daga baya, lokacin da bakin nasa ya daina rufuwa.

Can bayan Shanono akwai wani kufai, tsohuwar marina ce da mutanenta suka watse. Ramukan rini na nan baki buɗe, baƙi ƙirin, ko a rani ba sa bushewa. A nan wani boka yake, ana ce masa Mati Na-Kufai. Da tsakar rana Badaru ya isa, amma ya ce ko kukan tsuntsu babu, kuma inuwarsa ba ta bi shi ciki ba. Aka sa ya cire hula da takalmi, ya shiga bukkar da baya. A tsakiya akwai ɗan rumbu na laka, tsayin gwiwa, an shafe shi da jini har ya yi ɓawo. An rataye zangarnun gero a rufi, duk sun yi baƙi, kowace an ɗaure ta da gashin mutum. Wari irin na tsohuwar rijiya ya cika wurin.

Bokan tsoho ne ramamme, amma bakinsa na ta motsi kamar mai tauna, alhali babu komai a ciki. Bai tambayi Badaru abin da ya kawo shi ba. Ya ce, "Kuɗi kake so ko abinci?"

"Duka biyu, ranka ya daɗe."

"Haka kowa ke cewa. Me ka zo da shi?"

Badaru ya ce ba shi da ko sisi. Tsohon ya ce shi ba ya karɓar kuɗi a hannun mayunwaci. Ya zura hannu cikin ɗan rumbun ya fito da wani mudu na itace, baƙi, mai sanyi kamar an tsamo shi daga randa. Ya ce ya faɗi sunan duk wanda ke ci daga tukunyar gidansa, cikin mudun, ɗaya bayan ɗaya. Badaru ya sunkuya ya kira uwarsa, ya kira ƙanensa da matarsa da 'ya'yansu, ya kira Safiyatu da 'yarsu Asiya da Khalilu. Duk sunan da ya faɗa, mudun sai ya ƙara nauyi.

"Ka ajiye shi a gindin rumbunka. Rumbun ba zai ƙare ba. Na kasuwa ka kai kasuwa, babu ruwanmu da masu saye. Amma awon gida kullum da wannan za ka yi shi, da hannunka, ba tare da ka ambaci sunan kowa a sama ba. Kuma duk wanda ka kira sai ya ci."

"Shi ke nan sharaɗin?"

"Mai mudun ma yana da nasa awon."

"Nawa ne nasa?"

"Ba kai za ka auna masa ba. Shi ke ɗiban abinsa."

Badaru ya tambaya ko abin zai taɓa mutum. Tsohon ya miƙa hannu zai karɓe mudun, ya ce mai tambaya da yawa bai ji yunwa ba tukuna, ya koma gida ya ci gaba da kallon uwarsa tana tsinkar tafasa. Badaru ya rungume mudun a ƙirji. Har ya kai bakin ƙofa tsohon ya ƙara da cewa, "Idan baki ɗaya ya ƙi ci, awo bai cika ba. Da kai za a cike."

Arziki ya zo kamar ambaliya. Motoci suka riƙa tsayawa a ƙofar gida ana lodin buhuna. Aka rushe katangar ƙasa aka yi ta bulo, aka sa kwanon rufi, shanu suka cika turke. Kafin shekara ta zagayo an fara kiransa Alhaji tun bai je ba. Mutanen gidan suka yi ƙiba, fatarsu na sheƙi.

A kusurwar wannan gida Safiyatu ke hura 'yar wutarta. Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, da jarin da ta haɗa tun daga kuɗin akuyar aurenta. Dokarta ɗaya ce: riba ake ci, ba a taɓa uwar kuɗi. In ta sayar, sai ta fara ware na gyaɗar gobe, abin da ya rage ta sayi garin rogo ko tsakin masara. Ran da babu riba, tunkuza suke ci da gishiri, ita da Asiya, 'yarta mai shekara shida. Ko gishirin gidan ba ta taɓawa. Atamfar da Badaru ya saya mata tana nan a ƙofar ɗaki inda ya ajiye, har rana ta cinye launinta.

Ya yi lallashi, ya yi zagi, ya ɗaga hannu. Ta ce ya sake ta ta tafi gidan wanta a Zakirai. Ya ce ƙofa a buɗe take, amma Asiya ta wuce yaye, 'yar gidan ubanta ce, a nan za ta zauna. Safiyatu ta san in ta fita da safe, kafin azahar an ba yarinyar tuwo. Sai ta zauna. Ta zama mai gadin bakin 'yarta. Ko makaranta yarinyar za ta, sai ta riƙe ta ta ce, "Ko wa ya ba ki abu a gidan nan, ko Inna ce, ki ce kin ƙoshi." Yarinyar kan ce to, cikinta na kuka.

Gari ya ɗauka. Mata suka ce girman kan 'yan boko ne, wasu suka ce baƙin ciki take da arzikin mijinta. Ta je ta gaya wa dattawa abin da ta gani. Suka ce ta ji tsoron Allah, zato zunubi ne.

Inna Hure aka fara ɗiba. Ta wayi gari ba ta ƙoshi. Ta ci malmala, ta nemi ƙari, ta suɗe kwano, ta nemi ƙari. Tana ci tana ramewa, har ta koma kamar karan dawa. Ta cika da loma a baki. Matan da suka yi mata wanka sun ce mutum ɗaya ya isa ya ɗauki makarar. Aka ce tsufa ne. Bayanta sai ɗan Barira na fari, shi ma haka, yana kukan yunwa da kwano a gabansa. Aka ce ciwon shawara ne.

Da damina ta sake zagayowa, gyaɗa ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, masu sayen ƙuli suka ragu. Safiyatu ta karya dokarta, ta ci uwar kuɗi. Ta sayar da kwanukan jerenta, ta sayar da katifa. Abin da ta samu, Asiya take tura wa. Nononta ya ƙafe. Khalilu, wanda bai kai yaye ba, ya fara kumburin ƙafa, gashinsa ya yi ja. Ta goya shi zuwa asibitin karkara, ma'aikaciyar ta ce tamowa ce, maganinta abinci, uwa ta ci, ɗa ya ci.

Da ta dawo da yamma, ta tarar Barira ta ajiye mata akushi a bakin ƙofa. Tuwon gero ne da miyar kuka, man shanu na yawo a kai, ga tsoka. Barira na tsaye, ita ma idonta ya fara zurmawa.

"Yaya, ki ci don yaron nan. Loma ɗaya. In ma akwai wani abu, ai ba yau zai kama ki ba."

"Naki ɗan fa, loma nawa ya ci?"

Barira ta ce, "Nawa dai ya tafi da abinci a cikinsa. Naki da me zai tafi?"

Safiyatu ta shiga ɗaki. Ƙamshin ya biyo ta. Khalilu na kuka irin wanda babu sauti a cikinsa, yana lalubar ƙirjinta. Asiya ta zuba wa akushin ido. Safiyatu ta miƙa hannu har yatsunta suka ji ɗumin murfin. Ta daɗe a haka. Sannan ta ɗauki akushin ta mayar ƙofar Barira, ta dawo ta dama ɗan garin da ya rage, ya yi ruwa-ruwa, ta ɗura wa yaron.

Bai kai kaka ba. Ba tsafi ne ya ɗauke shi ba, yunwa ce, irin ta kowa da kowa. Badaru ya tsaya a tsakar gida, gaban masu gaisuwa, ya nuna ta da yatsa ya ce ga wadda ta kashe masa ɗa, abinci na gabanta. Babu wanda ya musa masa. Ita ma ba ta musa ba.

Daga nan mai mudun ya daina jira. Barira ta bi ɗanta, ƙaramar 'yarta ta bi ta. Sama'ilu ya fita tsirara yana cusa ƙasa a baki, aka sa shi a mari, a can ya ƙare. Shanu suka riƙa faɗuwa a turke. 'Yan kasuwa suka dawo da buhuna, suka ce da aka kwance toka aka samu. Aka sayar da gona, aka ɓalle kwanon rufi. Sunaye biyu suka rage a cikin mudun da ba a samu ba, na Safiyatu da na Asiya, kuma tsohon ya riga ya faɗi da wa za a cike.

Wani hantsi aka ji Badaru na magana a cikin rumbu. Da aka fasa, babu ko ƙwayar gero, sai gashin mutane da warin tsohuwar rijiya, shi kuma yana zaune da mudun a cinya, bakinsa na tauna iska. Tun daga ranar yake yawo kasuwa-kasuwa. Yakan zauna gefen masu awo, ya cika mudun da turɓaya, ya shafe bakin mudun da tafin hannu, ya kira sunan uwarsa, ya zubar. Ya sake cikawa ya kira ƙanensa. In ya zo kan Safiyatu da Asiya sai mudun ya ƙi ɗaukuwa, shi kuma ya fashe da kuka, ya ba duk wanda ya tsaya labarin kufai daga farko.

Ku masu ganin maƙwabci ya yi bulo ku kasa barci, ku masu cinye shekara a yinin biki ɗaya sannan ku nemi gajeriyar hanya, ku duba da kyau. Babu bokan da ke ba da kyauta. Abin da bai karɓa a hannunka ba, a cikin gidanka zai karɓa, kuma ba kai za ka zaɓa ba.

Kada kuma wani ya ce wadda ta ƙi ci ta tsira kyauta. Safiyatu tana Zakirai yanzu, a wani ɗan ɗaki a gidan wanta, tana yi wa mutane surfe da wankau. Ba ta da jari, ba ta da gado, ba mai neman aurenta, don har can labari ya je cewa ita ce macen da ta bar ɗanta ya mutu da tuwo a bakin ƙofa. Asiya na raye, tana zuwa makaranta, amma har yau in aka miƙa mata abinci sai ta dubi uwarta tukuna. Safiyatu ba ta taɓa sunkuyar da kai a gaban kowa ba. In aka tambaye ta ko ta yi nadama, takan ce 'ya'ya biyu Allah ya ba ta, ta riƙe amanarsu iyakar ƙarfinta, ɗaya ta fito da ita. Ɗayan yana kwance a maƙabartar ƙauyen da ba za ta sake komawa ba, kuma ita ta mayar da akushin.