Mayafi a Kan Madubi

Shekara arba'in da shida muna tare da mijina Elkana, kuma mu kaɗai ne Yahudawa a layinmu na Lokuwa. Tun ranar aurenmu ya rantse min ni zan riga shi mutuwa, don ya san ba zan iya zaman gidan nan ni kaɗai ba.

Ranar Juma'ar nan ya hau acaɓa zuwa Muchalla sayen wake. Na kunna kyandir biyu na shigar Asabar, ranar hutunmu da ke farawa da faɗuwar ranar Juma'a. Rana ta faɗi, shiru. Sai da duhu ya fara na ji an turo ƙofa.

"Baban Dina, yau kai Asabar ta riska a hanya?"

Ya shigo. Bai taɓa ɗan akwatin addu'a da ke jikin ƙofa ya sumbaci yatsunsa ba, abin da ko da zazzaɓi ba ya mantawa. Rigarsa na warin ruwan kogi, takalminsa ba ya ƙara a kan siminti. Da ya wuce tebur, wutar kyandir ta kwanta gefe.

Ya zare mayafina daga ƙusa, ya nufi madubin falo. Mu a wurinmu ba a rufe madubi sai an yi rashi a gida.

"Wa ya rasu?"

"Ki yi haƙuri, Na'omi." Muryarsa kamar daga cikin rijiya.

Na dubi madubin. Mayafi ne kawai ke tashi sama, ba mai riƙe da shi.

"Maƙaryaci," na ce. "Ka ce ni ce farko."