Ɓarawon da Ya Bar Bel Ɗinsa

Da sassafe aka kira Sufeto. An shiga wani sito na wayar lantarki, an kuma tsinci maigadi cikin jini.

Jini kam ya zuba, kamar an yanka rago. Ga buhun waya yashe a gindin katanga. Sufeto ya daɗe yana kallonsa. Wane irin ɓarawo ne zai sha wahalar tara kaya ya tafi ya bar su?

A asibiti maigadi ya shirgo tasa ƙaryar.

"Su biyar ne, yallaɓai, da adduna. Ni na ɗaure ƙafata da kaina."

"Da bel ɗin wa? Ga naka a ƙugunka," in ji Sufeto.

Maigadi ya yi tsuru-tsuru. Ashe ɓarawon wani tsoho ne shi kaɗai. Garin binsa maigadi ya faɗo daga katanga, kwanon rufi ya tsarge masa cinya, ya suma.

Likita ya miƙa wa Sufeto bel ɗin.

"Ɗaurin fagen fama ne wannan. Ya sa shi sama da raunin, ya murɗa da ƙarfe, ya kafe. Maƙwabtan da suka kawo shi sun ce wani ne ya buga musu ƙofa ya wuce. Ba don shi ba, wallahi da gawa aka kawo mini."

Bel ɗin na soja ne, duk ya ƙoƙe. Bayan hudojinsa na asali akwai wasu da aka yi da ƙusa, kowace ta fi ta baya shigewa ciki. Mai shi ya daɗe yana ramewa.

Sufeto da wani Kofur ɗinsa suka nufi mashayar bayan tasha, inda tsofaffin sojoji kan taru.

"Tsohon soja? Ni ban san kowa ba," in ji mai mashayar, tana goge teburin da ba shi da datti.

"Wancan da ya riƙe wando da hannu fa?"

Ta sauke murya. "Saje Kwalba ne. Don Allah ku bi shi a hankali. Ya sayar da gida, iyali sun watse, lambobin yabonsa ma a nan ya shanye su."

Sufeto ya ajiye bel a kan benci. Tsohon ya dube shi, hannunsa na rawa, ƙasan faratansa da busasshen jini.

"Baba, naka ne?"

"Nawa ne. Ni na shiga."

"Ka riga ka tsira. Me ya dawo da kai?"

"Na ji ƙararsa, ɗana. Ni mai ɗauko masu rauni ne a yaƙi. Kafin in yi tunani, ƙafafuna sun juya."

 Sufeto ya sha ganin ɓarayi, amma bai taɓa ganin wanda ya saida kansa don ran mai binsa ba. Ikon Allah!

Kofur ya zaro ankwa.

"Mayar da ita," in ji Sufeto. "Da wane hannu zai riƙe wandon?"

A bakin mota tsohon ya tsaya.

"Yaron nan maigadi fa? Za a yanke ƙafar?"

"Ba za a yanke ba. Likita ya ce aikinka ya yi."

Rawar hannun ta tsaya cak. Saje Kwalba ya miƙe sambal, ya ɗaga haɓa, ya ƙame.

Sufeto da kansa ya buɗe masa ƙofar gaba.