Ƙofar da Ke Amsa Sallama

Ranar kasuwar Lolo ce, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Injiniya Muktar ya sauka daga titin Bagudo ya nufi sabuwar jami'ar da wani attajiri ya gina a bakin fadama. Ba wani babban abu ya kai shi ba. Washegari za a yi bikin buɗe ginin hukumar jami'ar, shi kuma yana so ya ƙara leƙa na'urorinsa, ya shafa su, ya ji daɗi.

Ɗan Zagga ne haihuwa da girma, amma tun da ya yi 'yan shekaru a Abuja ya dawo yana yi wa kowa kallon hadarin kaji. Shi aka ba aikin haɗa komai na ginin a kan kwamfuta guda: ƙofofi, fitilu, esi mai sanyaya ɗaki, kyamarori, har da ƙararrawar gobara. Ya sa aka cire kwaɗo da mariƙi daga kowace ƙofa, wai mabuɗi kayan ƙauyawa ne. Kowane ma'aikaci aka rataya masa kati a wuya, ginin ya san inda yake.

Abin da ya fi yi wa mutane burga da shi kuwa ita ce babbar ƙofa. Ya naɗa mata muryar wata mace mai zaƙin baki. Duk wanda ya tsaya gabanta, sai ta amsa masa sallama, ta yi masa maraba, ta buɗe. Daga nan fitilu su riƙa kunnuwa gaban baƙo har su kai shi wurin wanda ya zo nema, sauran ƙofofi kuma su kulle kada ya ɓace. In baƙo bai ambaci kowa ba, sai ginin ya ba shi duk wanda ya samu a ciki. Mai masauki yana da zaɓi biyu a allo: ya karɓa, ko ya miƙa wa wani. Babu na ƙi. Muktar ya ce jami'a ba ta korar baƙo, mai jami'a ya yi ta tafi.

To, a ƙasar nan ta bakin kogi, ko yarinyar da ba ta iya ɗaura zane ba ta san ba a amsa sallamar magariba sai an leƙa an ga mai ita. Muktar ya sani sarai. Kakarsa ta sha make masa baki a kan haka. Ya dai ga ya wuce wurin ne.

A bakin get ya tarar da Bunyaminu, shugaban masu gadi, tsugune da buta yana alwala. Tsohon ɗan kwastan ne, ƙato, mai tumbi. Shi ma ba waliyyi ba ne. Ya tsani na'urorin nan ne saboda sun sa an sallami rabin yaransa, kuma kyamara ta sha kama shi yana gyangyaɗi.

"Sarkin barci," in ji Muktar ta tagar mota, "a ci gaba da hutawa. Gini na gadin kansa."

"Awo, Injiniya," in ji Bunyaminu, bai ko ɗago ba. "Allah shi bar ka da ginin ka."

Muktar ya ajiye mota, ya shiga, ya hau bene zuwa ɗakin sarrafawa da ke can ƙarshen korido. Fitilun da suka rako shi suka mutu a bayansa, don haka ya tsara su. Ɗakin sanyi ƙalau, yana ƙamshin sabon fenti da roba. Tagarsa gilashi ne mai kauri, ba ta buɗuwa. Ya zauna gaban alluna, ya miƙe ƙafa, yana kallon filin jami'a ta idon kyamarori: azuzuwa ba kowa, ɗakunan kwanan ɗalibai ba a tare ba tukuna, ciyawar fadama tana kaɗawa a bayan katanga. Daga wani ƙauye can nesa ya jiyo kiran salla. Ya ce a ransa bari ya gama tukuna.

Sai lasifikar ɗakin ta yi ƙara kaɗan, muryar ƙofa ta fito.

"Wa alaikumus salam. Maraba da zuwa. A shigo."

Ya dubi allon babbar ƙofa. Babu kowa. Dandamali ne kawai da tukwanen fulawa. Gilashin ya rabu biyu, ya tsaya a buɗe kamar yadda yake jiran mai tafiya a hankali, sannan ya rufe.

Muktar ya yi tsaki. Ƙadangare ne, ko jemage. Gobe da safe zai ci mutuncin yaran da suka saita idon ƙofar.

"Injiniya Muktar," in ji muryar, "kana da baƙo."

Fitilar farko ta falon ƙasa ta kama. Ta ɗan jima, ta mutu, ta gabanta ta kama. Ya matso da fuskarsa jikin allo. A ƙarƙashin fitilar ba a ganin mutum, amma tayil ɗin yana sheƙi, kamar an ja jiƙaƙƙen buhu a kai.

Ya tashi ya nufi ƙofar ɗakin. Ya kara katinsa. 'Yar fitilar ƙofar ta yi ja. Ya sake karawa. Ja. Sannan ya tuna: ƙofar mai masauki ba ta buɗewa sai baƙo ya iso. Shi ya rubuta dokar da hannunsa, har ya yi wa mai jami'a bayaninta da Turanci. Ya lalubi inda mariƙi ya kamata ya kasance, tafinsa ya sauka a kan sulɓin ƙarfe.

Makashin wutar ginin gaba ɗaya yana ƙasa, a gefen matakala. Fitilar gefen matakala ce ke ci a lokacin.

Esi ya canja numfashi. Iskar da yake hurowa ta yi ɗumi, ta yi nauyi, ta zo da warin taɓo da ruɓaɓɓiyar kainuwa, irin warin gindin kwalekwale da ya daɗe a ruwa. Tsoro ya kama Muktar, tsoro na gaske, wanda ya manta yana da shi.

Ya ciro waya, ya kira mutumin da ya gama zagi.

"Baba Bunyaminu." Yau an zama baba. "Wani abu ya shigo. An kulle ni a sama."

"Mi ya shigo?"

"Ban gan shi ba. Yana hawowa."

Bunyaminu ya miƙe tsaye. Da wani ne, da ya ce gini ya ceci mai shi. Amma sai aka ji ƙarar ƙarfe a kan siminti.

"Ina da ƙarhen taya. Ta ƙohwar baya zan biyo. Kak ka kashe waya, ka yi ta addu'a."

Addu'a ta ƙi zuwa. Muktar ya fara Ayatul Kursiyyu ya maƙale a tsakiya, ya koma farko ya sake maƙalewa.

Fitilar matakala ta mutu. Ta farkon korido ta kama.

Yanzu ba sai da allo ba. Kunnensa na ji. Wani sauti ne mai danshi, caɓ, sai shiru, sai jan abu mai nauyi, sai caɓ. Tsakanin wannan da wancan, ɗigar ruwa.

A waya Bunyaminu yana haki. An ji ƙarfe ya ci gilashi, ya sake ci.

Haske ya ɓullo ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin, siriri. Ya ƙaru.

Ruwa ya biyo shi. Baƙi ne, yana malalowa a hankali, ya taɓa bakin takalminsa. Sanyinsa ya ratsa fata.

Sautin ya tsaya.

Wani abu ya jingina da ƙofar daga waje. Ƙarfen ya yi ƙara ƙasa-ƙasa. Akwai numfashi, dogo, mai kurɓi, kamar ana zuba ruwa a tulu. Daga sama yake fitowa, kusa da silin.

"Baƙonka ya iso," in ji muryar mai zaƙi. "A karɓa, ko a miƙa wa wani?"

Muktar ya ja da baya har ya bugi tebur. Ya juya. A kan allo, ƙarƙashin inda aka rubuta a miƙa, ɗazu babu kowa. Yanzu akwai suna guda. Gilashin baya ya fashe, mai kati ya shigo gini.

"Na shigo," Bunyaminu ya raɗa. "Ga ni ga matakalar baya. Duhu ƙirin. Ka yi haƙuri, ɗana, ina tahe."

Muktar ya dubi sunan. Ba zan ce bai san abin da yake yi ba. Ya sani. Ya ma tsaya ya goge yatsansa a riga, don kada gumi ya hana allon ji.

Ya danna.

"An miƙa," in ji muryar.

Nauyin ya bar jikin ƙofa. Hasken ƙarƙashinta ya mutu. Caɓ. Ja. Caɓ. Yana nisa, ya nufi bayan gini.

"Injiniya," raɗar ta sake fitowa daga waya. "Hitila ta kama can sama gabana. Kai ne?"

Muktar ya matso da waya bakinsa.

"Ni ne," ya ce. "Tsaya nan inda kake."

Ƙofarsa ta yi kore.

Ya fita da gudu. Santsi ya kwashe shi a korido, ya faɗi da haɓa cikin taɓo mai sanyi, ya tashi da rarrafe. Ya gangara matakalar gaba a kan gindi. Wayar tana hannunsa, bai kashe ba. Ya ji Bunyaminu ya fara cewa, "A'uzu," ya ji ƙarfen taya ya faɗi yana gangara matakala ɗaya bayan ɗaya, yana ƙara. Daga nan sai ruwa.

Babbar ƙofa ta buɗe masa, ta yi masa fatan sauka lafiya.

Bai tsaya ba sai a masallacin ƙauyen da ke gefen titi. Can ya tattaro mutane da fitilun hannu, ya ce musu mai gadi ya zame a matakala. Suka tarar da Bunyaminu zaune a kan tudun matakalar baya, jiƙe sharkaf, ido buɗe, taɓo cike da aljihunsa har da kunnuwa. Yana numfashi. Aka kira sunansa, aka yi masa tofi, ko ƙiftawa bai yi ba. Muktar da kansa ya kai shi asibiti a motarsa, yana ta faɗa a hanya cewa a bi a hankali da dattijo.

Washegari aka goge tayil, aka sa sabon gilashi, aka yi biki. Ƙofa ta amsa sallamar manyan baƙi, suka yi ta dariya suna sake fita don ta ƙara. Muktar ya sha hannu da kowa, da filasta a haɓa. A ɓoye ya sa ƙofar ta daina magana daga la'asar sakaliya, ya ce tanadin wuta ne. Shi kuma rana ba ta ƙara faɗuwa yana cikin harabar jami'ar ba.

Bunyaminu bai sake magana ba. Aka gaji da asibiti aka mai da shi gida, ƙauyen Sharabi.

Bayan an yi girbi, matarsa Sabuwa ta zo har ofis da ƙwaryar shinkafa sabuwar sussuka da zabi biyu. Ta durƙusa a bakin tebur, ta ce ba ta da bakin godiya, an gaya mata shi ya nemo mutane, shi ya ɗauki malam a motarsa. Muktar ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce ai yi wa kai ne. Har ya tambaya ko zabin sun yi ƙiba. Ni dai ban taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba.

"Ya jikin nasa, Inna?"

"Da sauƙi, ɗana. Bai san kowa ba, ko ni. Amma kai shina sane da kai." Ta gyara lulluɓi tana murmushi. "Kullum huskarshi na kallon wajen jami'ar ga. In ka tashi aiki, sai mu ga ya juya wajen Bagudo, inda gidanka yake. Ranar da anka ce ka tahi Birnin Kebbi, yini ya yi shina kallon can. Yara har wasa suka mai da shi, su ce bari mu duba Baba mu san inda Injiniya yake."

Muktar ya ajiye ƙwaryar a hankali.

"Kuma ga abin daɗi," in ji Sabuwa. "Shekaranjiya da magariba ya miƙe da kanshi, ba wanda ya kama shi. Jiya ya kai bakin zaure. Tabarmar tashi ce dai ba ta bushewa, ko mun shanya." Ta yunƙura ta tashi, ta ɗauki takalmanta. "Ni na ce musu ku bar shi. Ƙahwa tana yin ƙwari, wurinka za shi fara zuwa."