Oba-oban Kawu Tanimu

Ku matso. Saude, bar cizon zanenki, ban ma fara ba.

Shekarar ambaliya, wayoyi duk sun mutu. Oba-oba biyu ne a garin nan: ɗaya wurin Kawu Tanimu mai kwalekwale, ɗaya wurin Malam Haladu a kan tudun makaranta, inda aka tara mutane. Malam ya faɗi inda ake neman ceto, Kawu ya tuƙa. Kun san muryar Malam, ta hanci: "Tanĩmu, kana jĩ na? Oba." Ku daina dariya.

An kwashe kowa. Saura Lantana, matar Kawu, ba a san inda take ba. Shi bai yi kuka ba. Tuƙi kawai yake, kamar an ɗaura masa filafilin a hannu.

Da almuru na'urar ta yi shuuu.

"Tanimu. Tsohuwar mahauta. Mace a kan rufi."

Muryar Malam ce sak. Kawu ya danna maɓalli zai amsa. Ita oba-oba, in ka danna, kai kaɗai ke magana, ba ka jin kowa. Yatsansa na kan maɓallin, amma muryar ba ta tsaya ba.

"Yi sauri. Na gaji da kira."

Ya ji. Ya gane. Ya tafi duk da haka.

Mace na zaune a kan rufin, ta juya baya. Ruwan sama na zuba, mayafinta a bushe. Ta sauko cikin kwalekwalen. Kwalekwalen ko motsi bai yi ba.

"Lantana?"

"A'a, bawan Allah. Maƙwabciyarku ce. Ba ku taɓa ganina ba."

"Ina za ki?"

"Gindin giginya."

Bai dubi ƙafafunta ba. Ya dai ji su a kan katako. Ƙwas. Ƙwas.

Da suka isa ta ce, "Kullum matarka in za ta zubar da ruwan zafi sai ta yi bismilla ta ce a kauce. 'Ya'yana ba su taɓa ƙonewa ba. Na riƙe maka ita, kada ruwa ya kai ta inda ba za ka gan ta ba."

Lantana na kwance a kan saiwoyi. An rufe mata ido. An gyara mata ɗankwali.

Kawu ya ɗauko ta, ya danna maɓalli. "Malam, na same ta. A nemo likkafani. Oba."

To. Duk wanda na gani a bakin mahauta shi kaɗai bayan la'asar, ni da kaina zan ja kunnensa. Saude, sakar min hannu.